Babban Injin Bayan Tsibiri

Duk mai jirgin da ke bin ruwa tsakanin Wara da Tungar Marke ya san rumfar Altine bakanike. Rumfa ce ta tsohon kwano daf da bakin ruwa a Tungar Marke, da duro cike da ruwa a gabanta, inda yake rataya injin ya tayar da shi ya tsaya yana saurare. Altine gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana sai in an zo kan injin. A nan kam ba ya gajiya. Masu jirage har tsokanarsa suke yi, don duk wanda ya kawo masa gyara sai ya sha wa'azi: a riƙa tace fetur, a riƙa duba man giya, a riƙa kwance farfela ana ganin ko zaren taru ya naɗe a bayanta, kada a jira sai injin ya mutu a tsakiyar ruwa da mutane a ciki. Gidansa na bayan rumfar. A nan yake zaune da matarsa Zakiyya da 'yarsu Firdausi, da Innarsa wadda ciwon ƙafa ya kwantar tun shekarun baya.

Wata rana da hantsi, a ƙarshen damina, yana wanke wata kabireta a cikin gwangwani sai wani ƙaramin jirgi ya tsaya a gabansa. Wanda ya sauko Basiru ne, wani tsohon direban jirgin fasinja da ya ɓace daga garin, aka ce ya tafi kudu neman aiki. Ya rame, ya yi baƙi, amma murmushinsa na nan.

"Malam Altine, kana nan dai da gwangwaninka?"

"Basiru! Ashe kana duniya? Yaushe a gari?"

"Ban shigo ba tukuna. Injin maigidana ne ya mutu muna bayan tsibiri, ga kaya cike. Na ce mai in ba kai ba babu mai tada shi. Ɗauko jakarka, kafin azahar na maido ka."

Altine ya zuba sifanu da sukudireba da filaya a jaka, ya ɗauki galan na man giya, ya leƙa gida ya ce wa Zakiyya ta ajiye masa abinci.

Sai da suka wuce tsibirin, suka shiga wani rafi mai ciyawa da itatuwa sun rufe samansa, sannan ya lura Basiru ya daina hira. Ƙafarsa ta taɓa wani abu mai tauri a ƙarƙashin tamfol. Ya ɗaga gefen tamfol ɗin, ya ga bakin bindiga. Ya sake shi a hankali.

"Kak ka ji tsoro," in ji Basiru, idonsa na kan ruwa. "Aiki kawai za ka yi."

A ƙarshen rafin akwai bukkoki na ganye, da babura jingine, da samari zazzaune da bindigogi a cinya suna cin gasasshen kifi. Can gefe, a inuwa, an ɗaure wani dogon farin jirgi irin na roba mai tauri. A bayansa akwai injin da Altine bai taɓa sa wa irinsa hannu ba. Sau ɗaya ya hango makamancinsa a Yelwa, a bayan jirgin wasu ma'aikata. Murfinsa kaɗai ya kai girman akuya. Injinan da ya saba gyarawa masu ƙarfin doki goma sha biyar ne, ko arba'in in ya yi yawa. Wannan ya haura ɗari biyu.

Shugabansu wani siriri ne mai tari, da suke kira Babba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce injin in ya ɗan yi gudu sai ya fara kuwwa, ya rage gudu da kansa. "An ce kai ka iya. Duba muna."

Altine ya tayar da injin. Ya kalli ɗan ruwan da injin kan tsarto ta baya, wanda ke nuna yana shan ruwa yana hucewa. Ɗigo-ɗigo yake fitowa. Ya kashe, ya sa aka taya shi suka kwance ƙafar injin suka shimfiɗa a kan tamfol. Robar famfon ruwa ta gutsuttsure, haƙoranta sun kakkarye sun toshe hanya. Da ya kwance sukurun man giya, man ya fito fari kamar kindirmo, alamar ruwa ya daɗe da shiga. A bayan farfela kuwa zaren taru ya yi dunƙule ya cinye robar da ke tare ruwa. Cikin ikon Allah, a wani akwati da ke ƙarƙashin kujerar jirgin ya sami sababbin robobi a ledarsu, waɗanda masu jirgin na asali suka ajiye. Bai tambayi inda masu jirgin suke ba.

Har la'asar yana aiki. Da ya haɗa ya tayar, ruwa ya tsarto da ƙarfi. Babba ya ce ya shiga jirgin a gwada da shi a ciki. Basiru ya ja su zuwa fili, ya ba injin wuta. Gaban jirgin ya ɗaga sama, iska ta cika wa Altine baki, ruwa ya koma kamar daɓe a ƙarƙashinsu. Ƙarar injin ɗin sumul, ba gargada ko ɗaya. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a wannan ɗan lokacin sai da ransa ya yi fari.

Da suka dawo, tsoro ya dawo masa. Ya yi tunanin in injin ya sake lalacewa za su ce shi ya cuce su. Don ya wanke kansa sai bakinsa ya kama abin da ya saba.

"Ranka shi daɗe, injin irin wanga ba a barinai haka nan. Kowane wata sai an duba mai, an canza matata, an wanke fulogi, an sa girisi. In ba a yi ba zai sake mutuwa, kuma ba laifina ba ne."

Babba ya yi tari, ya tofar, ya dube shi.

"Kowane wata ka ce?"

"Awo."

"To madalla. Basiru zai riƙa zuwa ɗaukarka." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Na ji an ce kana da tsohuwa kwance, da yarinya mai zuwa islamiyya. Allah shi raya."

Haka abin ya zama. Duk sabon wata ƙaramin jirgin Basiru zai tsaya a gaban rumfa da hantsi, Altine ya ɗauki jaka. Ga mutanen gari ya ce wani ɗan kasuwar kifi ne yake yi wa sabis a ƙetare. Kayan da babban injin ke buƙata ba a samunsu a Wara, sai ya riƙa zuwa Yelwa wurin Ismail mai sayar da kayan injin, yana sa shi ya aiko masa da su daga nesa. Ismail ya taɓa juya wata matatar mai a hannunsa ya ce, "Wanga kuwa na wane jirgi ne?" Altine ya ce saƙo ne aka ba shi.

Aikin kansa ba wuya. Ya zubar da baƙin mai ya zuba sabo, ya duba tiyon fetur ko ya tsage, ya goge kan batir, ya ƙara ɗaure notocin da gudu ya sassauta, ya kwance farfela ya tsince zare. Abin da ke da wuya shi ne kwashe ruwan da ke kwance a cikin jirgin kafin ya fara. Wani zuwa ruwan ja ne. Wani zuwa ya tsinci ɗan kunne a ciki, wani zuwa takalmin roba na yaro, wari ɗaya. Yakan ajiye su a gefe ya ci gaba da aiki, kansa a sunkuye. A bayan bukkokin yakan ji muryoyin mutanen da ba ya gani.

A gida ya daina cin abincin kirki. Zakiyya ta sa masa ido har ranar da ta same shi a bayan ɗaki yana ta wanke hannu da toka, alhali babu maiƙo a jiki. Ta tsaya a kansa.

"Baban Firdausi, ko ka gaya mini ko in tahi gidan Yaya yanzu in ce ban san abin da ke cin mijina ba."

Ya gaya mata duka. Ta zauna a kan turmi.

"Mu gudu," in ji ta.

"Da Inna a kwance? Wane jirgi za mu shiga da ba za su ji ba? Basiru ya san kowa a bakin ruwan ga."

"To ka gaya wa Yaya Sulaiman."

Sulaiman wanta ne, kuma shi ke jagorantar 'yan sa-kan yankin. Altine ya girgiza kai. Ya ga abin da 'yan sa-kai suka yi wa wani mai sayar da burodi da aka ce yana kai wa mutanen daji. Daga ranar Zakiyya ta daina barin Firdausi zuwa islamiyya, ta ce wa malaminsu yarinyar ba ta da lafiya.

Cikin bazara, ranar kasuwar Wara, aka tare jirgin fasinja da ya taso daga Tungar Marke. Da rana tsaka aka yi. Waɗanda suka tsira suka ce wani farin jirgi ne ya ɓullo daga bayan tsibiri, kafin direba ya juya har ya sha gabansu. Mutane suka ruɗe suka karkata gefe ɗaya, wasu suka faɗa ruwa. Aka kwashe wasu aka tafi da su. Cikin waɗanda ruwa ya ci har da Ladi mai bandar kifi, maƙwabciyar su Altine, wadda kullum take aiko wa Inna da kan ragon ruwa don ta san tana so. Altine na cikin waɗanda suka ɗauko gawarta. Kwana kaɗan kafin nan ya canza wa injin fulogi.

Gari ya ɗauki magana ɗaya: jirgi mai irin wannan gudu ba ya rayuwa a daji sai da mai kula da shi. Maganar ta kai Yelwa, ta shiga shagon Ismail, ta dawo.

Wata rana bayan azahar Sulaiman ya zo rumfa da mutanensa, da bindigogin toka da adduna. Ya ce su tsaya daga nesa, ya shiga shi kaɗai ya zauna a kan wani mataccen injin.

"Altine, Ismail ya nuna mini irin kayan da kake saye. Babu mai jirgin da ke shan su daga nan har Shanga. Kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Da bindiga anka kai ni."

"Wata nawa kana zuwa da bindiga? Ni ba ka san gidana ba?" Sulaiman ya yi maganar ƙasa-ƙasa, amma jijiyar wuyansa ta tashi. "Ka ga waɗancan? Ɗan Ladi na cikinsu. In na fita na ce kai ne, ba ka ganin la'asar. Ba don kai nike zaune nan ba, don ƙanwata ne."

Altine ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Yaushe za su zo ɗaukarka?"

"In wata ya kama."

"To ka tahi. Ka kashe injin nan. Yadda za ka yi kai ka sani. In wata ya raba tsaka jirgin nan na bisa ruwa, ni da kaina zan zo, kuma ba zan shigo ni ɗaya ba."

"In sunka gane fa? Garin ga za su zo."

"Da ma suna zuwa," in ji Sulaiman, ya tashi.

Ranar da Basiru ya zo, hadarin farko na damina ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Altine ya yi sabis kamar kullum, a gaban idon samari biyu da aka sa su tsare shi. Ya canza baƙin mai, ya wanke matata. Da ya zo kan ƙafar injin, ya kwance farfela, ya sa bakin siririyar sukudireba kamar mai tsince zare, ya tsaga robar da ke hana ruwa shiga giya. Tsaga kaɗan, wadda ido ba zai gani ba. Man giya kuma ya zuba rabi ya ɗaure sukuru. Ya san a ɗan gwajin da ake yi da shi ba abin da zai nuna. Sai an yi doguwar tafiya, ruwa ya wanke ɗan man da ya rage, sannan haƙoran giya za su ci juna su tsaya cak. A ransa ya ɗauka hakan zai faru a hanyarsu ta fita, su kaɗai a ciki. Haka ya roƙi Allah.

Aka yi gwaji, injin ya yi ƙara sumul. Babba ya gyaɗa kai. A hanyar komawa Basiru ya yi ta hira, ya tambayi jikin Inna, ya ce shi ma ya gaji, in ya sami hanya zai bar dajin ya koma jan fasinja. Altine ya kalli ruwa.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki, da yamma, iska ta taso da ƙarfi. Wasu masunta da suka fake a gefen tsibiri suka ga farin jirgin yana dawowa daga ƙetare a guje, ya nutse sosai don nauyi. Yana tsakiyar ruwa sai suka ji wata ƙara kamar an karya ƙarfe, injin ya yi kuka ya yi shiru. Jirgin ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa. Ba su da filafilin tuƙi ko ɗaya. Igiya ta farko ta cika shi, ta biyu ta kife shi.

Washegari da safe ruwa ya kwanta, ya fara maido da abin da ya ci. Mazan Tungar Marke suka fita da jirage. Suka tsamo 'yan bindiga da dama, har da Basiru. Babba ba ya cikinsu, an ce bai fita ba ranar. Sauran gawarwakin na mutanen da aka kwaso ne daga wata ruga a ƙetare, mata da 'yan mata da wani tsoho. Dukansu hannuwansu a ɗaure ta baya da igiyar shanu. Ko wanda ya iya ruwa a cikinsu bai sami yadda zai yi ba.

Aka jera su a kan yashi. Igiyar ta jiƙe ta shige cikin fata, mutane suka rasa yadda za su kwance. Altine ya koma rumfa ya ɗauko filaya da 'yar wuƙarsa, ya durƙusa yana bi ɗaya bayan ɗaya yana yankewa a hankali, yana miƙe musu hannuwa a gefensu. Yana cikin yi Sulaiman ya zo ya dafa kafaɗarsa.

"Ka cika alkawari. Ba kai ka ɗaure su ba."

Altine bai ɗago ba. Ya matsa kan ta gaba.

A ranar ba wanda ya zo daga rugar, don waɗanda suka tsira sun watse cikin daji. Aka yi musu sutura aka binne su a maƙabartar gari. Kafin sati ya zagayo, Tungar Marke ta fara watsewa, don kowa ya san Babba zai nemi wanda ya yi wa injinsa haka, kuma ba zai tsaya tambaya gida-gida ba. Aka ɗauki Inna a kan ƙyauren ɗaki aka sa ta a jirgi. Suka sauka Yelwa, a wani ɗaki a bayan gidan dangin Zakiyya. Inna ba ta kai tsakiyar damina ba. Daga baya labari ya zo an ƙone rabin tungar, har da rumfar.

A Yelwa Altine ya kama dako a bakin ruwa, yana sauke buhunan albasa da busasshen kifi. Masu jiragen da suka san shi suka yi ta binsa ya duba musu injin, yana cewa idonsa ya lalace. Wasu na nuna shi suna cewa shi ne ya nutsar da jirgin 'yan bindiga. Wasu kuma in ya zo wucewa sai su tofar da yawu, don ba su manta da Ladi ba.

Wata ranar kasuwa, yana zaune a kan buhu yana hutawa, wani dattijo makiyayi ya zo ya tsaya a gabansa, da sanda a kafaɗa da malafa a hannu. Ya yi sallama, ya ce sunansa Modibbo, daga rugar nan ta ƙetare. Ya ce ya daɗe yana tambaya kafin a nuna masa shi.

"An ce kai ne ka kwance musu igiya."

Altine ya miƙe tsaye. "Ni ne, Baffa."

"Akwai ɗiyata cikinsu. Sa'adiyya. Doguwa ce, da tsaga a nan." Ya taɓa gefen bakinsa. "Da zane shuɗi ta fita."

Altine ya tuna da ita. Ita ce igiyarta ta fi shigewa, sai da ya sa filaya.

"Na gan ta."

"Fuskarta ta ɓaci?"

"A'a, Baffa. Kamar mai barci."

Dattijon ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya kama hannun Altine na dama da hannuwansa biyu, ya riƙe.

"Uwarta ta ce in na same ka in yi maka godiya. Ta ce da an sa ta a ƙasa a ɗaure, da ba ta ƙara barci ba. Allah shi saka maka. Allah shi tsare maka naka."

Bakin Altine ya buɗe, amma abin da ya fito "amin" ne kawai.

Modibbo ya ce yana so ya ga kabarin, ko da sau ɗaya, amma bai san wurin ba, kuma an ce garin ba kowa. Altine ya dubi buhunan da suka rage, ya dubi dattijon. Ya je ya gaya wa mai kayan ya nemi wani ya ƙarasa, ya aika a gaya wa Zakiyya kada ta jira shi da abinci. Suka gangara tare suna neman mai jirgin da zai yarda ya kai su Tungar Marke ya jira su. Na farko ya ƙi, na biyu ma ya ƙi. Suka ci gaba da bin bakin ruwa suna tambaya.